Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Muke Biya Ya Yi Mana Gadin Na'urori

Zuwa ga Alhaji Manaja da ma'aikatansa na ofishin Jidda,

Assalamu alaikum. Da fatan an yi sallah lafiya, iyali kuma suna nan ƙalau.

Ni ne mai kula da kwamfutocin masaukin nan na unguwar Misfala a Makka da kuka ƙulla yarjejeniya da shi bara. Sau uku ina buɗe tikitin koke da Larabci, sau uku ana rufe shi da cewa an warware. Wannan karon da Hausa na rubuto, kuma a fili, don na san Alhaji da ita ya tashi, kuma masaukan alhazai da dama da suka ba ku aiki ta bakinmu suka san ku. Ban kama sunan kamfani ba. Kun san kanku.

Abin da muka saya a hannunku ba shi da wuyar faɗi. Muna da manhajar Zabbix a nan, shi ke sa ido kan sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayananmu, da layin intanet, da ma'aunin zafi na ɗakin na'urori. In ya ga matsala sai ya tura saƙon SNMP, wato saƙon gargaɗi da na'urori ke aika wa juna, zuwa babban allonku, ma'aikacinku na dare ya gani, ya kira ni. Barcina kawai na saya, Alhaji.

A daren 27 ga Ramadan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakin na'urori, ya tsaya. Ƙarfe 1:40 zafi ya haura 35. Ƙarfe 2:10 Zabbix ya ɗaga matsalar zuwa matakinsa na ƙarshe, ya tura muku. Ina Harami a sahun tahajjud, wayata a aljihu, ko motsi ba ta yi ba. Kafin ƙarfe uku sabar da ke riƙe da rajistar baƙi da injin buga katin ɗaki ta kashe kanta saboda zafi. A daidai lokacin ne bas biyu na masu Umara suka iso, ɗaya mutanen Kano, ɗaya na Damagaram. Da na dawo na tarar da su zube a ƙasan falo, wata Hajiya da ta girmi mahaifiyata ta yi matashi da jakarta, ana miƙa mata dabino da ruwan sahur a nan inda take. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, kai ne mai makullin?" Na buɗe ɗakin na'urori, hucin da ya dake ni kamar na gidan burodi.

Mutuwar mukayyif ba laifinku ba ce, ban ce haka ba. Amma tsakanin 1:40 da ƙarfe uku akwai lokacin da ko fanka biyu da buɗe ƙofa sun isa su cece mu.

Da na nemi bayani, yaronku ya ce ya duba, babu saƙon da ya shigo ƙarfe 2:10, ya ƙara da cewa ai UDP, tsarin da ake aika saƙon da shi, haka yake, yakan zubar da saƙo a hanya. Wannan gaskiya ce, UDP ba ya jiran shaidar isowa, jefawa yake ya wuce. Sai dai saƙon nan bai ɓace ba. Da na matsa aka turo mini rajistar daren, ga shi nan zaune a layin ƙarfe 23:10 na ranar da ta gabata. Agogon na'urarku a kan UTC yake, wato agogon GMT, Saudiyya kuwa tana gaba da shi da awa uku, rani da sanyi. Yaron ranar da ba ita ba ya bincika, ya rufe tikiti.

To, in ya iso, me ya hana a kira ni? Nan ne na kwana biyu ina kwatanta rajistarku da tamu, har na gano abin da ya kamata injiniyanku ya gani tun ranar haɗa na'urorin. Zabbix yana ƙirga tsananin matsala daga 0 zuwa 5, kuma 5 ce mafi muni, ita ce bala'i. Allonku kuwa ma'aunin syslog, wani tsarin rajistar na'urori, yake bi, daga 0 zuwa 7, inda 0 ce gobara, 7 kuma surutun masu gyara. A wannan ma'aunin 5 sanarwa ce kurum, irin wadda ake karantawa in an samu sarari. Wanda ya yi muku haɗin sai ya kwashi lambar yadda take ya zuba, bai juya ta ba. Bala'inmu ya shiga wurinku a matsayin sanarwa, ya kwanta cikin ɗaruruwan layuka marasa launi.

Kuma abin ya bi ta ɗaya gefen. Saƙon da Zabbix ya ba lamba 1, wato labari kawai, a wurinku 1 na nufin a tashi yanzu-yanzu. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa aka tashe ni ƙarfe uku na dare a watan Rajab don tawadar firinta ta yi ƙasa. Na yi dariya a lokacin, har na ce wa maiɗakina lallai mutanen nan ba sa wasa da aiki. Ashe wata takwas na'urarku tana karanta mu a kife.

Cikin wannan binciken na ci karo da wani abin. A watan Sha'aban, bayan kun sauya katangar tsaronku, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga kwamfutocinku, akwai kwana 11 cur da babu layi ko ɗaya daga gare mu. Rajistarmu ta nuna saƙonni suna fita zuwa ƙofa 162, wadda irin saƙon nan ke shiga ta ita, a wurinku kuwa an rufe ta, ba wanda ya lura. Rahoton da kuka aiko na watan cewa ya yi komai lafiya. Shiru kuka gani kuka rubuta lafiya.

Sauran ƙananan ba zan tsaya a kansu ba. Sunayen na'urorin da muka rubuta da Larabci alamar tambaya suke fitowa a allonku, fayil ɗin MIB mai fassara lambobin saƙo da na aiko tun farko ba a ɗora shi ba, shi ya sa ma'aikacinku dogayen lambobi yake gani maimakon bayani. In matsala ta warware a nan, a can tana nan a buɗe har wani ya goge ta da hannu.

Ga abin da nake nema. A gyara teburin juya lambobin nan, mu gwada matakai shida ɗaya bayan ɗaya, ina kan waya da injiniyanku, ina turawa yana faɗa mini launin da ya gani. A koma irin saƙon SNMP mai jiran amsa, wanda ake sake turawa in ba a ji an karɓa ba. Ɓangarena na riga na shirya. A sa mana saƙon "ina nan" duk minti biyar, in ya ɗauke na kwata a ɗauka gobara ce. Sannan a cire mana kuɗin Sha'aban da Ramadan daga lissafi, don ba a yi gadin da aka biya ba. Kuɗin faifan da zafi ya lalata mun ɗauka, wannan namu ne.

Ranka ya daɗe, na gaji da jin "bukura, in sha Allah", wato sai gobe. Zulƙida ta ƙarato, jiragen alhazai za su fara sauka, kuma ɗakunanmu duka an kama. Mai masauki ya ba ni zuwa ƙarshen Shawwal, in ba a gyara ba in nemo wasu. Ranar Lahadi bayan La'asar ina ɗakin na'urori da rajistar duka a buga. A turo wanda ya yi haɗin da hannunsa, ba mai amsa waya ba.

Wassalam,
Mai kula da na'urori, Misfala, Makka