Wasiƙar godiya ga ofishin kayan tallafin naƙasassu na Ma'aikatar Tsofaffin Sojojin Amurka

Zuwa ga ma'aikatan sashen gaɓoɓin roba da kayan tallafi na asibitin tsofaffin sojoji na James J. Peters da ke Bronx, New York.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a madadin maigidana da 'ya'yanmu. Na zaɓi in yi da Hausa, a bainar jama'a, domin akwai 'yan'uwanmu Hausawa a nan Amurka, na Najeriya da Nijar da zango-zangon Gana, da 'ya'yansu suka yi aikin soja, kuma ba su san da haƙƙin da naƙasassun tsofaffin sojoji ke da shi na tallafin sayen mota da kayan tuƙi ba.

Maigidana ya samu rauni a laka yana bakin aiki a Iraƙi, ƙafafunsa biyu suka daina aiki. Keken guragu bai dame shi kamar rashin tuƙi ba. Mutumin da a da shi ke ɗaukar maƙwabta zuwa Juma'a, sai ga shi yana jira in tashi daga aiki, in naɗe keke, in cusa a but, sannan in tallabe shi zuwa kujera. Ba ya magana, amma ina ganin yadda yake kau da kai duk lokacin da na yi nishi.

Abu na farko da zan gode muku a kai nasiha ce. Wani dillalin mota ya riga ya ciwo kanmu, wai mu biya kafin alƙalami, gwamnati za ta mayar mana daga baya. Saura ƙiris mu sa hannu. Ma'aikaciyarku ce ta dube ni ta ce, "Kada ku sayi komai sai takardar amincewa ta fito." Ta zaunar da mu ta rarrabe mana abubuwa biyu da muke haɗawa. Tallafin sayen mota daban, ana neman sa da fom 21-4502, kuɗin ya haura dala dubu 25, kuma mai sayar da motar ake biya kai tsaye, ba ya ratsa hannun soja. Kayan da ake ɗora wa motar kuma daban, da fom 10-1394. Da mun bi ta dillalin nan, da mun yi ta cizon yatsa.

Daga nan aka haɗa shi da malamin tuƙi na ma'aikatar, wanda ya gwada ƙarfin hannayensa da ganinsa kafin ya rubuta kayan da suka dace da shi. Motar da muka samu an saukar da ƙasanta, kuma da danna maɓalli ɗaya ƙofar gefe ke buɗewa, wata 'yar gada ta sauko har ƙasa. Yana hawa da kekensa, ya koma kujerar direba mai juyawa. A hagun sitiyari akwai sanda: in ya tura gaba birki, in ya jawo baya totur. A jikin sitiyarin kuma an ɗaura wani ƙulli kamar kan muciya, da shi yake juya motar da hannu ɗaya. Kwanakin farko ya yi ta figar mu kamar ɗan koyo, yara suna ta dariya a baya, shi ma yana yi. Rabona da jin wannan dariyar tasa har na manta.

Na ji an ce tun 1946 aka fara wannan tallafi, ga sojojin da suka rasa ƙafafu a Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin dala 1,600 ne. Yau ya shafi wanda ya rasa hannu ko ƙafa ko amfaninsu, da mai raunin gani sosai a ido biyu, da mai mummunar ƙuna, da mai cutar ALS (cutar jijiyoyi da ke shanye jiki a hankali), muddin lalurar tana da nasaba da aikin soja. Wanda gwiwarsa ko ƙugunsa ya sandare ba ya samun kuɗin mota, amma yana samun kayan. Kuma kayan ba sau ɗaya ba ne, ana iya sa wa mota biyu cikin shekara huɗu. A 2023 ma an sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofar tallafin mota karo na biyu ga wanda ya shekara 30 da karɓar na farko.

Wasu cikin mutanenmu suna jin nauyin nema, suna ganin kamar bara ce. Ni dai a ofishinku ba wanda ya yi mana kallon masu roƙo. Ma'aikaciyar nan har waya ta bugo bayan an ɗora kayan, tana tambaya ko sandar ta yi masa daidai da hannu.

Juma'ar da ta wuce shi ya tuƙa kansa masallaci, ya biya ya ɗauki wani dattijo maƙwabcinmu. Da yamma kuma ya zo ɗaukata a wurin aiki, har da yi mini hon wai na daɗe.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku haƙuri da jama'a.

Taku,
Matar wani tsohon soja, Bronx