Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani Kan Tsofaffin Gidajen Kaduna

Assalamu alaikum. Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Ina rubuto maka ne da ƙurar zauren kakana a wuyan riga. Zauren tubali ne a Tudun Wada, mai rufin azara, ya ga damina fiye da sittin bai ce uffan ba. Mu jikoki ne muka ce za mu zamanantar da shi, muka lafta masa filastar siminti ciki da waje. Damina uku kacal, idan ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji kamar ganga. A ta huɗu filastar ta ɓalle da rabin katangar gabas. Tsohon maginin da muka ɗauko daga Zariya ya shafa wurin, ya ce mun sa wa bango rigar leda: ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa ya kulle ruwan a ciki har tubali ya ruɓe. Da yaɓen makuba muka yi, aka gyara indararo, da yanzu zauren yana tsaye.

Namu kuskuren ganganci ne, amma abin da ke faruwa a Unguwar Rimi da Unguwar Sarki ya fi shi ciwo. Gidajen da aka gina bayan Turawa sun dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, da na zamanin gwamnatin Arewa, masu kaurin bango da dogon silin da baranda zagaye, ɗaya bayan ɗaya ake kwantar da su. A sare mangwaro da maɗacin tsakar gida, a dasa shaguna masu gilashi waɗanda ba a iya zama cikinsu a watan Afrilu sai janareta na kuka. Tsohon gidan kuwa iska ce ke ratsa shi ko babu wuta. Rufi yake so da sabuwar waya da famfo, in an samu hali a ɗora masa sola.

Mun san ana iyawa in an so. Gidan Sardauna da ke Titin Rabah, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, bai zama kango ba. Jami'ar Ahmadu Bello na riƙe da shi, yau Gidan Arewa ne. Cocin Wusasa, ginin ƙasa na 1929, har gobe ana ibada a ciki. Sai dai waɗannan suna da masu tsaya musu. Gidan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa fa, wa zai tsaya masa in magada sun matsu a raba?

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta zagaya ta rubuta irin waɗannan gidaje, kuma kafin a ba da izinin rushe ɗaya daga cikinsu sai masani ya duba. Wanda ya zaɓi gyara a sassauta masa harajin fili, don talaka ba ya riƙe tarihi da yunwa.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali magina ne. Masu iya ɗaurin guga da bakan gizo, wato lanƙwasassun rufin ginin ƙasa, magadan Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'ar Zariya, sun tsufa, 'ya'yansu sun koma acaba da buga bulo. A kai su makarantun koyon sana'a na jiha su koyar, a biya su kamar kowane malami. Wanda ya duba zaurenmu ya haura saba'in, kuma shi kaɗai ya zo, babu yaro ko ɗaya da ke riƙe masa kwando.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani ɗan Tudun Wada, Kaduna