Wasiƙa zuwa ga Auta kafin ta fara aiki a sashen yaɗa labarai

Manchasta, Ingila

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Baba da kowa na gida. Nan sai sanyi, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari. Inna ta gaya mini ma'aikatar ta karɓe ki a sashen yaɗa labarai da hulɗa da jama'a, ranar Litinin za ki fara. Alhamdu lillahi, na yi murna ƙwarai. A waya hira ke cinye lokacin, shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan.

Ki fara da takardu. Shirin SIWES da ya kai ki can, wato horon da ɗalibai ke yi a wuraren aiki, hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta ɓullo da shi a 1973, kuma ba ya tafiya sai da shaida a rubuce. A makon farko ki cika fom ɗin shaidar fara aiki, a sa masa hannu da hatimi, ya isa ofishin ITF. Littafin rahoton aiki kuwa kullum za ki cika shi kafin ki tashi, mai kula da ke ya sa hannu duk ƙarshen mako. Masu tara shi sai wata ya ƙare, rubutunsu ne ke tona su: biro ɗaya, magana ɗaya, shafi ashirin.

Aikin da za a fara danƙa miki shi ne bibiyar kafofin watsa labarai. Ki riga Darakta zuwa. Ki duba Daily Trust da Aminiya da abin da kamfanin dillancin labarai na NAN ya fitar, ki saurari labaran safe na Rediyon Kano da Freedom, musamman shirye-shiryen da jama'a ke bugo waya, don a nan ƙorafi ke fara fitowa. Duk inda aka ambaci ma'aikatar, ki rubuta sunan kafar, kwanan wata, shafi ko lokacin shirin, da abin da aka ce cikin layi biyu. Shafi ɗaya ya isa. Kada ki ɓoye mara daɗi don gudun ɓacin ran oga. In ya ji shi daga bakin wani da rana, ku zai tambaya.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki: sanarwar manema labarai. Sakin layi na farko ya ɗauki wa, ya yi me, a ina, yaushe, don me. Ɗalibai kan fara da jero manyan baƙi da kirarin Kwamishina, sai a layi na goma a ji cewa rijiyoyin burtsatse aka ƙaddamar. Edita daga ƙasa yake datse labari, don haka abin da ya fi nauyi ya zo a sama. Kalma ɗari uku ta wadatar. A ƙasa a sa sunan jami'in hulɗa da jama'a da lambar wayarsa, ba taki ba.

Kuskure a wuri uku yake ɓuya: suna, muƙami, da lissafi. Muhammad ne ko Mohammed, Dakta ne ko Farfesa, cikakken Babban Sakatare ne ko mai riƙon ƙwarya? Kada ki dogara da kunne a wajen taro. Ki miƙa wa mutum takarda ya rubuta sunansa da hannunsa, ko ki karɓi katinsa. Kuɗi kuwa, ki ga takardar da adadin ya fito daga cikinta, ki ƙirga sifili da yatsa. Tsakanin miliyan da biliyan sifili uku ne kacal, amma in ya fita a rediyo, gyaran da za a yi gobe ba zai kai kunnen rabin waɗanda suka ji na farko ba. In za a fassara sanarwar zuwa Hausa, ki karanta ta da ƙarfi. Wadda ta sarƙe miki harshe za ta sarƙe wa mai karanta labarai.

Ba abin da zai fita da sunan ma'aikata sai ya bi ta hannun shugaban sashenku, sau da yawa har Babban Sakatare ya gani. Ki adana kwafin da aka sa wa hannu a fayil. Ranar da aka ce "wa ya ba da izinin wannan?", takardar ce za ta amsa a madadinki.

Ranar taro ki isa da awa ɗaya. Ki gwada makirufo, ki tambayi mai janareto ko akwai mai, ki caja waya ki kuma rufe mata layi kafin ki fara naɗar jawabi, don kira ɗaya yana yanke naɗin. Hoto a ɗauka a kwance, kada taga ta kasance bayan mutane, a rubuta sunayensu daga hagu zuwa dama nan take.

'Yan jarida za su nemi lambarki, wasu har su ce "tsakaninmu ne". Ba ki da hurumin yi wa ma'aikata magana. Ki rubuta sunan mai tambaya, kafarsa, tambayarsa, da lokacin da yake bukatar amsa, ki kai wa shugabanki, sannan ki bi sawu. Kada ki ɗauki hoton wata takarda ta ofis ki sa a WhatsApp, ko da a zauren 'yan ajinku ne. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan. Amma wannan ba ya nufin a rufe wa jama'a ƙofa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka kawo a rubuce. A nan Ingila kwanakin aiki ashirin ne. In irin wannan wasiƙa ta faɗo hannunki, a buga mata hatimin ranar da aka karɓa, ki kai ta sama a ranar.

Wani abu kuma: in aka ba ki ambulan ki raba wa 'yan jarida da sunan kuɗin mota, ki nemi uzuri cikin ladabi. In ya zama dole, to da jerin sunaye da sa hannun kowa.

Na tura kuɗi ta hannun Yaya Babba, ki sayi batirin caji na waya da ƙaramin littafi mai shiga jaka, ragowar ki yi kuɗin adaidaita. Ki aiko mini da sanarwar farko da kika rubuta bayan an fitar da ita, ina so in gani. Ki gaishe da Inna da Baba, ki ce su ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya yi miki jagora.

Yayanki