Don sabon kanel ya ƙi tashi ba sai an yi fomat ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi ƙorafi kan wata shawara da nake yawan ji ana ba masu koyon Linux, wai idan mutum ya sake gina kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kwamfuta ta ƙi tashi, to sai fomat. Haba! Wannan ai gyaran gangar auzinawa ne, mutum ya yi asarar fayilolinsa a banza.

Yawanci tsohon kanel ɗin yana nan lafiya lau cikin foldar /boot. Sake kunna na'urar, ka danne Shift, ko ka daddanna Esc idan mai UEFI ce (tsarin tayar da kwamfuta na zamani da ya maye gurbin BIOS), har jerin GRUB, manhajar da ke ba ka zaɓin kanel ɗin da za a tayar, ya bayyana. Shiga Advanced options, zaɓi kanel mai lambar da ta gabata. Da ta tashi, buga uname -r ka ga wanne kake kai. Mai FreeBSD kuma, wani tsari mai kama da Linux, ya tsaya a loda, wato manhajar da ke tayar masa da kanel, ya rubuta boot kernel.old. Fedora ma, wani nau'in Linux, da kanta take ajiye kanel 3 saboda irin wannan rana.

Rubutun nan na kernel panic da ke tsinka wa mutane zuciya, sau da yawa abin da yake nufi kawai shi ne an manta direban faifai (manhajar da ke sa kanel ya gane faifan) ko na tsarin ajiye fayiloli na ext4, ko ba a haɗa initrd ba, wato ƙaramin kunshin fayilolin da kanel ke fara lodawa lokacin tashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. Kowane kanel yana da foldar modul ɗinsa, wato direbobi da sauran sassan da yake lodawa daga baya, a /lib/modules, kuma da lambarsa ake sa mata suna. Ka gina sabo da suna iri ɗaya da tsoho, make modules_install zai zuba sababbi a kan tsofaffi, sai ka zaɓi tsohon a GRUB shi ma ya ƙi ganin allon buga rubutu ko intanet. Maganin bai fi layi ɗaya ba: a layin CONFIG_LOCALVERSION na saitin kanel, kafin ka gina shi, ka ƙara masa wani laƙabi, ko da "-gwaji" ne. Ban san dalilin da masu koyarwa ke tsallake wannan ba. A FreeBSD kuwa girka sabon kanel na iya goge kernel.old, don haka ka kwafe mai aiki da wani suna tun da wuri.

Idan duka sun lalace, tashi na'urar da filashin Linux, shiga tsarin da ke kan faifanka da umarnin chroot, sake girka kanel ɗin da ya zo da tsarin, sannan update-grub idan Ubuntu ce ko Debian.

Don Allah a ware wa wannan batu shafi guda a filinku na fasaha, har da hotunan allon GRUB.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum