Godiya ga ma'aikatan gashi na Asibitin Noma, Sakkwato

Assalamu alaikum.

A madadin iyalinmu nake miƙa godiya ga Asibitin Yara na Noma da ke nan Sakkwato, musamman ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓɓai. Idan ana yabon asibitin nan, likitocin tiyata aka fi ambata, kuma sun cancanta. Amma abin da idona ya gani a hannun masu gashi shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗiyar ƙanena ta kamu da zaizayar baki, wato ciwon nan mai cin naman baki da fuska da likitoci ke kira noma, tana ƙarama, bayan ƙyanda ta kwantar da ita. Da sauran shan ruwanta a duniya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, cikin yara goma da ciwon ya kama har tara na iya rasuwa. Gyambon ya warke, sai dai tabon ya janye naman kumatu ya ɗaure muƙamuƙi. Baki ya ƙage, ko cokali ba ya shiga. Kunu ake ɗura mata ta gefe, miyau na zuba, magana ba ta fita yadda ya kamata.

Wannan asibiti tun 1999 yake aiki, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa. Ko sisi ba mu biya ba. Sai da suka ciyar da yarinyar ta yi ƙwari kafin a shiga da ita tiyata.

Bayan tiyatar, mai gashin ta zaunar da mahaifiyarta ta ce: "Maman yarinya, likita ya buɗe baki, amma tabo komawa yake ya tsuke. Sauran aikin a hannunki yake." Daga nan ta ɗauko falayen katakon nan da likita ke danne harshe da su, ta jera su tsakanin haƙoran yarinyar, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki. In baki ya ƙara sakewa, sai a ƙara falle ɗaya. Ta kan auna faɗin buɗewar ta rubuta, don kada a yi ta aiki bisa zato. Ta koya wa uwar murza tabon da mai a hankali, ta koya wa yarinyar cika kumatu da iska da haɗe leɓɓa a gaban madubi. Akwai zafi, yarinya kan yi kuka, uwa ma ta kau da kai. Ban taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ba. Lallashi take yi, ta jira, ta sake.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi mana alkawarin banza ba. Sun faɗa mana ƙarara cewa aikin na watanni ne, safe da yamma, kuma duk wanda ya yi sakaci bayan sallama bakin na iya komawa gidan jiya. Hakan ya sa aka dage a gida. Yau yarinyar tana kai lomar tuwo bakinta da kanta, tana tauna nama mai laushi, miyau ya tsaya, ta koma makarantar allo ana jin karatunta.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ina roƙon gwamnati, duk tallafin da zai biyo baya, a tuna da sashen gashi, a ƙaro ma'aikata da kayan aiki.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'arku, ya ba marasa lafiyar da ke hannunku sauƙi.

Naku,
Baffan yarinya, Sakkwato