Wasiƙa Zuwa Kumasi a Kan 'Yarka da Kemistiri

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya Kumasi, ya aiki? Mu nan Kano bazara ta kankama, zafi ba a magana, har kwana ya koma tsakar gida. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko rantsuwa ka yi ba za ka ƙara taka garin nan ba.

Maganar 'yarka ce ta sa na ɗauki biro, babbar, ka san ba na kama suna. Bana za ta zauna WAEC, saura 'yan makonni. Likitanci ta ƙwallafa a rai, shi kuwa ba ya samuwa sai da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Bayoloji da Kemistiri. Huɗun farko ban da fargaba a kansu. Ta biyar ɗin ce ke hana ni barci. Kai shaida ne, wannan Kemistirin ce ta kayar da ni ta turo ni Kantin Kwari, kai kuma ta ɗauke ka ta kai ka harhaɗa magunguna, alhali benci ɗaya muka zauna.

Da farko na ɗauka komai lafiya, don yarinyar akwai ƙwaƙwalwa. Sinadarai ashirin na farkon jadawalin Mendeleev, daga haidirojin zuwa kalsiyam, tana zubo su kamar Fatiha. Tambaye ta lambar Avogadro, kafin ka rufe baki ta ba ka. Wata rana da daddare na buɗe littafin tsofaffin tambayoyi na ce: an narkar da giram 5.3 na sodiyam kabonet a ruwa har ya cika lita ɗaya, an ɗebi 25 cm³, asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.10 nawa zai cinye shi? Ta rubuta dabarar lissafin daidai, ta ba ni 12.5. Amsar kuwa 25 cm³ ce. Ta manta cewa kowane mol ɗaya na kabonet sai mol biyu na asid ya gama da shi. Da na ce ta faɗa mini mene ne mol ɗin ma, da Hausa, sai ta yi shiru tana wasa da bakin hijabi.

A nan gabana ya faɗi, don ciwona na da ne na gani a jikinta. Hadda muka yi, ba mu san abin da muke haddacewa ba. Hadda kuwa tana da wurinta, da ita muka sauke Alƙur'ani, amma mai tsara tambayar Kemistiri in ya juya lamba ɗaya, ya bar mahaddaci a tsaye.

Sai ga ni da furfura na koma ɗalibi. Mol ɗin da ya gagare ni shekaru talatin, a wurin mai ƙwai na gane shi. Kiret ƙwai 30 ne, ko na kaza ko na zabo, adadi ɗaya amma nauyi daban. Mol ma ƙirga ne kawai, sai dai kiret ɗinsa ya wuce hankali: kusan 6 da sifili 23 a bayanta, ita ce lambar Avogadro ɗin. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, ya ɗan ɗara babban cokali. Na sodiyam kabonet giram 106. Da na auno mata ruwan a cokali na ce ga mol ɗaya, sai ta yi dariya ta ce, “Baba, dama abin ɗan wannan ne?” Ban san ko in yi murna ko in yi kukan shekaruna ba.

Babbar matsalar tana wajen firaktikal. Takarda uku ake yi: ta zaɓi mai tambaya 50, ta rubutu, sai ta gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, inda za a ba ka biret da fifet, bututun gilashi na auna ruwa, a ce ka yi taitireshin da hannunka, wato ka riƙa ɗiga asid cikin wani ruwa har launi ya canza. Shekara uku tana ajin kimiyya, ashe ba ta taɓa riƙe biret ba. Malaminsu, Allah ya saka masa, a allo yake zana shi da alli, ya ce nan ne launi zai canza. Ɗakin gwajin yana nan, da kwalabe jere a kanta, yawancinsu ƙura ce a ciki. Kuɗin makaranta kuwa ba a taɓa ɗaga mini ƙafa ba.

Mahaifiyarta ce ta fitar da mu, ba da niyya ba. Tana cikin aikin kicin ruwan kanwa ya fantsama cikin kofin zoɓo, ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Yarinya ta matsa lemon tsami a ciki, ja ya dawo, har ya fi na da haske. Ka ga abin da littafi ke kira indiketa ke nan, a cikin madafa. Ita kanwar, duk da 'yan boko suna ce mata fotash, yawancinta gishirin sodiyam ne, 'yar uwar wancan kabonet ɗin na jarrabawa. Na sayo sirinji a kemis, muka mai da shi biret. Kwana uku tana ɗiga ruwan lemon tsami cikin ruwan kanwa mai zoɓo, tana rubuta inda launi ya juya. Uwar tana ta mita an ƙarar mata da kayan sana'a.

Daga baya na samu wata makaranta da ke buɗe ɗakin gwajinta ranar Asabar, ana biya. Ranar farko da biret na gaske ta yi ɓarna. Da indiketa mai suna metil orenj ake yi, ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya tsaya a ruwan lemo, amma ta saki famfo ya zarce ja. Ɗigo ɗaya ne tsakani. Yanzu ta san a ɗauraye biret da asid ɗin kafin a cika, a cire mazurari, a kori iskar da ke maƙalewa a baki, a sa ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Lambobi biyu take rubutawa bayan ɗigo, kuma tana maimaitawa har sakamakon ya zo kusa da juna, kada tazarar ta wuce 0.20. Launukan gano sinadarai ma da ta gan su da ido sun zauna: ƙarfe mai caji biyu kore mai datti, mai caji uku ja-ja kamar tsatsa, na tagulla shuɗi mai haske da ke komawa shuɗi mai duhu in amoniya ta yi yawa.

Makon jiya na bi da ita marinar Ƙofar Mata. Ka tuna yadda muke wucewa muna toshe hanci? Ta tsaya tana kallon zane yana fitowa daga rijiyar baba kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Ita da kanta ta ce, “Oksideshin!” Marinin ya dube ta ya ce su dai tun kakanni sun san sai zane ya sha iska.

Wani maƙwabci ya zo mini da shawarar in mayar da rajistarta wata makaranta a bayan gari inda, in ji shi, ake taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa. Na ce masa na gode. Wadda gobe za ta auna wa ɗan mutum magani, ba zan saya mata sakamako ba. Kuma JAMB na nan a kan kwamfuta, tambaya 40 a Kemistiri kaɗai, can wa zai taimake ta?

Ga inda nake neman ka. Abu biyu sun fi ƙarfina. Na farko lissafin Faraday, wannan 96,500 ɗin, tana rikicewa wajen sanin yawan lantarkin da zai sauke mol ɗaya na azurfa da wanda zai sauke na tagulla. Na biyu sunayen sinadaran oganik, musamman in sarƙar ta yi rassa, ba ta sanin ta wane gefe za ta fara ƙirga. Tunda ku ma a Ghana WAEC ɗin ce, kuma naka babban ya wuce wurin, ka ɗan yi mata bayani da murya ta WhatsApp, da Hausa, yadda ka riƙa yi mini a bayan aji ina gyangyaɗi. Bayan Isha'i ne take da wayar uwarta, mu nan muna gabanku da awa ɗaya.

A gaida mutanen zango. Yadin da maiɗakinka ta ce tana so ya shigo, na ajiye mata turmi biyu, sai an samu mai tahowa.

Wassalam,
Naka na Kwari.