Laminu, ka ɓare ledar faifan nan

Maradi, unguwar Zariya

Zuwa ga aminina Laminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya iyali, ya aiki, ya zaman Liyon can Faransa? Mu nan sai godiyar Allah. Bazara ta kama sosai, da azahar gari yakan yi tsit, kowa ya nemi inuwa, amma lafiya lau muke. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tuna maka har yau ba ta ga hoton jaririyar ba.

Saƙonka ya iso ta hannun surukinka, faya-fayan fim da takalman yara duka. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma hoton kantarka da ka turo mini a waya shi ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda maimakon saƙon murya. Na buɗa hoton da yatsa na duba layi-layi, sai na ga fiye da rabin faya-fayan da ka tara suna nan cikin ledarsu ta kamfani, ba ka taɓa ɓarewa ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na san hujjarka, ka sha faɗa mini. Ka ce a wajen masu tara faifai na can, wanda ba a ɓare ba ya fi daraja, musamman masu gidan ƙarfe da waɗanda aka buga kaɗan. Ka ce kuma a dokar Turai, in ka sayi kaya ta intanet kana da kwana 14 na fasa ciniki, amma faifan fim da zarar ka cire ledarsa wannan damar ta faɗi. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai wannan dokar ta wanda ya canza ra'ayi ce. Wanda ya sami kaya da aibi maganarsa daban, a Faransa yana da garanti na shekara 2. To in faifan ya kwana shekara 5 a kanta cikin leda, ran da ka buɗe ka tarar da aibin, wa za ka kama? Shagon ma ƙila ya daina sayar da faifai.

Leda ba ta shaidar lafiyar abin da ke ciki. Abin da take shaida kawai shi ne hannu bai shiga ba, a nan wajenmu ma ko wannan ba ta shaidawa, tunda ka san masu shago da kansu suke naɗe faifai su like bakin ledar da wuta. A bugun kamfani kuwa, faifai yakan kuɓuce daga ɗan cibiyar da ke riƙe shi tun a hanya, ya yi ta yawo cikin gidansa yana gugar haƙoran robar da suka karye. Ɗaya daga cikin waɗanda ka aiko haka ya zo. Tun kafin in ɓare na kai shi kunne na girgiza a hankali, na ji ƙwas-ƙwas a ciki. Da na buɗe, haƙora biyu sun karye, ga karce a gefen faifan. Allah ya sa bai yi zurfi ba, ya yi wasa har ƙarshe. Ka yi wa naka wannan gwajin ko da ba za ka ɓare su yau ba. Duk wanda ya yi ƙara, kada ka bar shi ya kwana a rufe.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wanda girgizawa ba ta tona shi. A 2025 kamfanin Warner Bros ya amsa da bakinsa cewa wasu faya-fayan DVD ɗinsa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu. Ba a yar da su ba, ba a bar su a rana ba, ruɓa ce daga ciki. DVD falle biyu ne na roba, kowanne kaurin milimita 0.6, aka manne su da gam, shimfiɗar ƙarfen da ke ɗauke da fim ɗin tana tsakani. In haɗin bai yi kyau ba tun daga masana'anta, iska da laima suna samun hanya, ƙarfen ya ci. Mutanen da suka ajiye nasu a leda suna jiran ya yi tsada, da su da waɗanda suka kalli nasu sau goma duk abu ɗaya ya same su, sai dai na biyun sun kalli fim ɗinsu, kuma sun ga matsalar da wuri. Ka duba shekarun bugun da ke bayan kwalayenka, na hango wasu na wancan zamanin a layin ƙasa.

Bari in gaya maka yadda nake yi, don kada ka ce aiki ne mai yawa. Ba na ɓare leda da haƙori ko da makulli. Reza nake sawa a gefen da gidan yake buɗewa, in tsaga a hankali don kada ta taɓa takardar kwalin. In akwai wata takarda da aka liƙa a kan ledar, nakan yanke ta in saka a ciki. Sai in danna cibiyar da babban yatsa, in ɗago faifan ta gefe-gefe, ba na lanƙwasa shi, don tsagewar da ke farawa daga ramin tsakiya ba ta da magani. Daga nan sai bakin ƙofa, wajen haske. Ina karkata shi ina juyawa, ina neman karce, da tabo mai kama da gajimare, da wurin da launi ya sauya kamar an ɗiga shayi. Bayan nan ina duba zoben ciki. Faifan da aka buga a masana'anta ta gaskiya yawanci yana da ƙananan lambobi a zoben nan, da haruffan IFPI, sai ka ƙura ido sosai kake ganinsu. Cikinsa kuma fari ne kamar azurfa, wani da ɗan ruwan zinariya. Wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa cikinsa shuɗi ne mai ruwan hoda, har kana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. In akwai shatin yatsa, ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe a miƙe. Kada a goge shi a zagaye, don fim ɗin a zagaye yake kwance, karcen da ya bi layinsa shi ne mai kashe faifai.

Sannan inji. Mutane da yawa suna saka faifai, hoto ya fito, su ce lafiya lau, su cire. Wannan ba gwaji ba ne. Inji yana fara karatu daga tsakiyar faifai ya nufi gefe, gefen nan kuma shi ya fi shan hannu da ƙura, shi ne kuma inda faifai mai arha ya fi cijewa. Don haka nakan ɗauki telekomand in tsallaka babi-babi, in tsaya a tsakiya, in je ƙarshe in bar shi har sunaye su hau. Faifai mai hawa biyu, wanda ke ɗaukar giga 8.5 maimakon 4.7, yana da wurin da injin ke sauya hawa, yawanci wajen tsakiyar fim. Ɗan tsayawa na ƙiftawar ido a nan ba aibi ba ne, haka aka yi shi. Amma in hoto ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, ko ya maƙale ya ƙi gaba, to da matsala. Duk wannan bai fi a dafa shayi a sha na fari ba. Ka ga ba wani abu ba ne.

Kai ma ai a nan ka koyi wannan, shi ya sa abin ya ba ni mamaki. Ka tuna masu faifai na babbar kasuwa, kowanne da 'yar telensa da injinsa a kan tebur, an rufe da tsumma saboda ƙura? Ba wanda ke miƙa dala ɗari bai ce a gwada masa ba. In an ɗauke kuran, sai mai shago ya ce ka tafi da shi, in bai yi ba ka dawo gobe, kuma ya tsaya a kan maganarsa. Ba a cinikin biri a sama. Lokacin VCD kuwa dole ma ka gwada, tunda faifai ɗaya bai wuce minti 74 zuwa 80 ba, fim yakan zo a faifai biyu, sau da yawa sai ka je gida ka tarar na ɗaya ne har biyu a kwali guda, ko kwalin wani fim da faifan wani. Da DVD ya shigo sai aka koma cusa fim goma a faifai ɗaya, hoto ya dusashe, fuskar jarumi kamar an shafa mata toka. Na Indiya da aka fassara da Hausa kuma abin dubawa shi ne murya, ko ta yi daidai da baki ko ta riga shi.

Yanzu teburan nan sun ragu ƙwarai. Yaran yau fim a waya ake tura musu, ko su bi shi a YouTube kashi-kashi. Kayan da ke zuwa daga Kano, daga Ƙofar Wambai, ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, da ma sun ja baya, rufe iyakar da aka yi a 2019 da ta 2023 suka ƙara tsinke hanyar. Can wajenku ma labarin ɗaya ne da wata fuska, ka ga Netflix da ya fara da aika faifai ta gidan waya a Amurka ya rufe wannan sashen a 2023.

A nan ne damuwata ta gaske take, Laminu. Fim ɗin Amurka in faifanka ya ruɓe, akwai dubbai irinsa a duniya, kamfanin ma yana da uwar kwafin a ajiye. Fina-finanmu na Hausa na zamanin kaset da VCD fa? Da yawansu sau ɗaya aka buga, a faifai mai arha, aka sa a kwalin takarda da 'yar leda. Wasu kamfanonin da suka yi su sun watse. Abin da ake samu a intanet sau tari an yanke waƙa, ko an liƙa talla a kan hoton, ko rabin fim ne. Na san kana da jakar nan da ka tafi da ita, wadda muka cika tare kafin tafiyarka. Ita nake so ka fara buɗewa tun kafin na Turawan. Kuma ka kula, VCD ba kamar DVD ba ne. Shi shimfiɗarsa tana can sama, dab da fuskar da aka yi wa rubutu, fenti ne kawai ya rufe ta. Karce a cikinsa ana iya gogewa a ci sa'a, amma karce a bayansa ya tafi da fim ɗin har abada. Ka ɗaga kowanne ka saiti fitila. In ka ga haske yana ɓullowa ta ƙananan huji kamar na allura, wannan ya fara mutuwa, ka kwafe shi a kwamfuta a daren. Kada ka rubuta musu suna da biro mai tsini, kada kuma ka ɗaure su da roba a jibge.

Ni nawa ina fama da su da zafin garin nan. Na ɗauke su daga ɗakin kwano na mayar ɗakin ƙasa na tsakar gida, a tsaye cikin akwatin katako, nesa da taga. Da hunturu nakan rufa musu zane. Wani maƙwabcinmu ya bar nasa a gaban mota da rana, kafin la'asar sun lanƙwashe, ko shiga inji ba sa yi.

Sai maganar saƙo na gaba, tunda ka ce za ka ƙaro. Ka san ana kulle faifai da lambar yanki don kada ya yi wasa a injin wani yankin duniya. DVD ɗin Faransa lambar yankinsa 2, mu nan yankinmu 5 ne, mu da Indiya. Wannan bai dame ni ba, ƙananan injunan Sin da ake sayarwa a nan ba sa tambayar yanki, komai ka ba su suna ci. Blu-ray, faifan da ya biyo bayan DVD, shi ne ke da taurin kai, amma a nan mun yi sa'a, Turai da Afirka duk yankin B ne. Abin da za ka kiyaye shi ne na Amurka, yankin A, kada arha ta ja ka a intanet. Ka juya bayan kwalin ka duba harafin kafin ka biya. Kuma don Allah duk wanda za ka aiko mini, ka ɓare shi ka gwada a can tukuna, inda kake da damar mayarwa. Ni ba na bukatar leda. Ka sa 'yar takarda mai laushi a kan faifan kafin ka rufe gidan, don hanyar Yamai zuwa Maradi ta fi kilomita 600, kuma ka san yadda ake loda kaya a bayan mota.

In ka buɗe jakar, ka rubuto mini sunayen waɗanda suka yi da waɗanda suka ƙi. Zan duba nawa, wanda na ke da shi kai ba ka da shi in kwafa maka, kai ma haka. Akwai wani dattijo a Sabon Gari da ya rufe shagonsa amma bai zubar da kayan ba, ina so in je wajensa kafin damina ta sauka, don rufin ɗakin da ya zuba su ba shi da kyau.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka shafa mini kan jaririya. Mutanen fada duk suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo babbar salla. Kada ka manta da hoton jaririyar da Hajiya ke jira.

Naka har kullum,
Habibu